Hujjar da Na Haɗiye

Kyoto, 9 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yayana Shigeharu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Burazil, kai da Yaya Fumiyo da yara. Allah Ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan da ka ambata, Ya sa gahawar bana ta yi albarka. Na je Matsue a ƙarshen watan jiya na ga Mama. Jikin da sauƙi, tana shan kunun shinkafarta, tana gane mutane, amma ɓarin hagun har yanzu bai motsa ba, sai an ɗaga ta an juya ta. Gwaggo Sadako tana iyakar ƙoƙarinta, sai dai ita ma bayanta ya gaji, kuma ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa daga watan Afrilu mu san yadda za mu yi da uwarmu.

Ka tuna alkawarin da muka yi. Idan na gaji kujerar Malam Kuramochi a jami'a, kai za ka sayar da gona ka dawo wurin Mama. Idan ban samu ba, ni ce zan tattara littattafaina in koma gida. An yanke maganar, amma ka bari in ɗauko maka daga farko, domin in na fara da ƙarshenta ina jin yaga takardar zan yi.

Kullum kana tsokanata wai ina karatun da ba ya cika kwano, don haka bari in gaya maka shi a taƙaice. Malaman Turai na shekara ɗari bakwai da suka wuce sun sha wahala a kan tambaya guda: shin sanin mene ne abu da kasancewar abin ɗaya ne, ko biyu ne? Kana iya siffanta doki mai fuka-fukai daga kai har ƙafa, amma siffantawar ba ta ajiye shi a turke ba. To, Malam ya ƙarar da rayuwarsa a kan littafin wani malamin birnin Faris na Faransa na wancan zamani, kuma abin da ya kafe a kai shi ne mutumin nan da kansa ya haƙo wata hujja a kan wannan tambaya, kai tsaye daga tsofaffin masanan Girka, ba wanda ya tsaya tsakaninsu. A kan haka ya yi suna, a kan haka muka girma. Ni kuma rawar kai ta sa na koyi Larabci, kuma bara waccan na ci karo da hujjar nan cif-cif, har da misalinta, a rubutun wani malamin Larabci da ya riga na Faris da kusan ƙarni biyu. Ranar ban iya cin abinci ba. Ban gaya wa Malam ba, ban san ta inda zan fara ba.

Ka san yadda muke a ɗakin karatunsa kusan shekara ashirin. Ana zama bisa girma, babba kusa da Malam, ƙarami kusa da ƙofa. Malam ya karanta layin Latin, ya fassara, mu gyaɗa kai mu rubuta. Wanda yake da tambaya sai ya lulluɓe ta da neman gafara har ta daina zama tambaya. Ban taɓa jin wani ya ce masa ba haka ba ne, kuma ban taɓa jin ya nemi a ce masa ba.

Sai ga shi da ritayarsa ta matso, ya ce shi ba zai yi laccar ban kwana irin ta kowa ba, muhawara zai yi irin ta mutanen da yake karantawa. Tsarinsu kuwa shi ne malami ya jefa tambaya, ɗalibai su tashi ɗaya bayan ɗaya su kawo duk abin da zai rushe ra'ayinsa, shi kuma ya bi su ya amsa, sannan ya yanke hukunci, daga nan an rufe magana. Tambayar da ya zaɓa ita ce tushen littafinsa. Ya dube mu ya ce kowa ya kawo mafi ƙarfin abin da yake da shi, kada a raga masa. Muka sunkuyar da kai muka ce to.

Washegari Ebisawa, babban ɗalibinsa, wanda yake ganin kujerar tasa ce tun kafin a haife shi, ya tara mu a shagon taliya ya raba mana hujjoji kamar mai raba ƙosai. Kowa ya samu ƴar taushi wadda Malam ya riga ya amsa a littafinsa. Da ya zo kaina ya nuna ni da tsinken cin abinci ya ce, “Ke Tokie, na san halinki. Kada ki kwaso mana Larabcin nan naki ki juye wa tsoho a ranar bikinsa. Matarsa za ta zo, shugaban jami'a zai zo.” Na ce ai Malam da bakinsa ya ce kada a raga masa. Ya yi dariya har romo ya sarƙe shi, ya ce in mai gida ya ce ki ɗauki gidansa kamar naki, buɗe masa akwati kike yi? Sauran suka taya shi dariya. Wani ma cewa ya yi kwamitin ɗaukar ma'aikata yana neman dalilin ƙin ɗaukar mace, kada in miƙa musu shi a faranti.

Wallahi Yaya, na shiga zauren nan da hujjoji biyu, tawa a aljihun dama, ta Ebisawa a na hagu, ban san wadda zan fitar ba. Uku suka tashi kafin ni, Malam yana sauraronsu ido a rufe. Da aka kira sunana na miƙe, ya buɗe ido ya zuba mini. Na ga matarsa a layin gaba cikin kimononta na fita biki, na tuna Malam ne ya tsaya mini lokacin da Baba ya ce karatun ya isa haka. Sai na ji hannuna ya shiga aljihun hagu. Na karanta abin da aka ba ni, na rusuna, na zauna. Ya ci gaba da kallona jim kaɗan, sannan ya mayar da idonsa ya rufe. Ya amsa mu duka kamar mai kore ƙuda, ya yanke hukunci, aka tafa masa, Ebisawa har da share hawaye.

A wurin walima, bayan an zuzzuba giyar shinkafa, Malam ya tashi yin godiya. Nan ya sanar cewa ya ba kwamiti sunan wanda zai gaje shi, wani Mogami ne daga Sendai, wanda ba ɗalibinsa ba, wanda ya taɓa caccakar littafinsa a mujalla har Malam ya yi wata guda ba ya son a ambaci sunansa. Ya ce ya duba gidansa bai ga wanda zai iya ce masa a'a ba, kuma wannan ilimi da a'a yake rayuwa. Ƙoƙon Ebisawa ya tsaya a iska. Ni kuwa ban ji kunya ba, fushi na ji, irin wanda yake sa kunnuwa zafi. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya mana sunkuyawa shi ne yau yake tuhumarmu da rashin ɗaga kai. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Da sati ya zagayo na sayi alewar wake na tafi gidansa yin sallama, na kuma ƙudura cewa ba zan fito ba sai na amayar da abin da ke cikina. Na gaya masa komai, na karanta masa Larabcin, na fassara. Ka san abin da tsohon nan ya yi? Ya sa na maimaita, ya ɗauko littafinsa ya gwada, sannan ya buge gwiwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙwala wa matarsa kira wai ta zo ta ji, Tokie ta rushe masa rabin gida. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba. Ya ce tun bara waccan ya lura duk lokacin da aka zo wannan babi nakan kawar da kai in kama zuba wa mutane shayi, ya san na ga wani abu. Wai saboda ni ya shirya muhawarar, don ya buɗe mini ƙofar da zan faɗa a gaban kowa ba tare da an kira ni marar kunya ba, kuma da na faɗa, sunana zai kai wa kwamiti.

Na ce, “Malam, shekara biyu muna hawa tarago ɗaya, me ya hana ka tambaye ni?” Ya ce malami ba ya roƙon ɗalibarsa ta kayar da shi, ba a yin haka. Na ce ɗaliba ma ba ta kayar da malaminta a gaban matarsa, shi ma ba a yi. Sai ya ce wai kukan kurciya jawabi ne. Na ce to ni Latin da Girkanci ya koya mini, bai koya mini kurciyanci ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma abin haushin shi ne daɗi ya ji.

Na sauke girman kaina na tambaye shi ko zai iya komawa wurin kwamiti. Ya ce an riga an buga hatimi, Mogami ya ajiye aikinsa na Sendai, ya kama gida, bakin alƙalami ya bushe. Ya ƙara da cewa ko a wurin malaman wancan zamani, in malami ya yanke hukunci ba a karɓar hujjar da ta makara, komai kyanta. Sannan ya matso da farantin alewa gabana, fuskarsa na walƙiya, ya ce yanzu da ya yi ritaya yana da lokaci, in riƙa zuwa duk Asabar muna fafatawa, mu bi littafin babi-babi in rushe duk abin da zan iya. Abin da na yi shekara ashirin ina marmari ke nan, Yaya. Na ce masa ranar Asabar ina Matsue ina juya uwata a shimfiɗa. Matarsa ta tashi ta tafi ɗora ruwan zafi alhali butar a cike take.

Don haka kada ka sayar da gonar, ka sallami mutumin da ka ce ya taya. Alkawari kaya ne, kuma ya faɗo a kaina. Na gaya wa mai gidan haya zan tashi ƙarshen wata. Littattafan da ɗakin Baba zai iya ɗauka zan tafi da su, sauran na bar wa ɗalibai. Kada ka rubuto mini cewa haka Allah Ya so, na sani, amma hannuna ne ya shiga aljihun hagu. Mama ba ta san komai ba, na ce mata hutu na samu mai tsawo, ta ce madalla, dama Sadako ba ta iya dafa kifi ba.

Ka gaishe mini da Yaya Fumiyo, ka ce mata man zafin da ta aiko ya iso kuma Mama tana jin daɗinsa. Ka gaida yara, Kenzo da amaryarsa, da Luiza, wadda na ji an ce ba ta barin malamanta su sha ruwa da tambaya. Kada ku tsawata mata. Gwaggo Sadako tana gaishe ku duka. Amsarka ka aiko ta Matsue.

Taka ƙanwa,
Tokie