Bayanin da Ni Kaɗai Na Gane

Litinin, 6 ga Mayu

Aikin farko: duba bayanin soke tikiti.

Ranar Juma'a za a saki mataimakin AI ya fara amsa wa fasinjojinmu a waya. A ofis muna ce masa Baƙo, don bai san komai na kamfanin motocinmu ba sai abin da aka rubuta masa. Kowane aiki da zai iya yi, sayar da tikiti, canza rana, sokewa, yana da ɗan bayaninsa. Dogo injiniya ke rubutawa, ni kuma in karanta, in ba da maki, in sa hannu. Wai don na daɗe a tagar tikiti. Har yau ban tabbata ba kuskure suka yi da suka ɗauko ni ba.

Bayanin soke tikiti layi ɗaya ne: "A yi amfani da shi idan fasinja ba zai yi tafiya ba." Tsaf. Na ba shi cikakken maki.

Talata, 7 ga Mayu

Kunya.

A gwaji na rubuta kamar fasinja: gobe ba zan samu tafiya ba, jikin mahaifiyata ya tashi. Baƙo ya yi mini jaje mai kyau, sannan ya soke tikitin nan take. Ko tambaya babu. Alhali a taga kowa ya san sai ka fara cewa, a matsa miki zuwa jibi? Don in aka soke, kujera ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Kowa ya sani. To wa ya gaya wa Baƙo? Ni na cike gurbin da kaina ina karantawa, ban ma lura akwai gurbi ba.

Manaja ya leƙo ya ce, "Malama, makinki na cewa lafiya, gwaji na cewa gobara. Wanne zan ɗauka?"

Laraba, 8 ga Mayu

Da safe na karanta wa Abban yara layin yana guga. Na ce, in kai ne, me za ka yi? Ya ce sokewa mana, ba abin da aka rubuta ke nan ba? Na ce amma ai sai ka tambaya. Ya ce, "Ina aka ce in tambaya? Ni tela ne, ba boka ba."

Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Na koma na sake duba duk waɗanda na wuce da su. Bayanin canza rana ma bai faɗi cewa sai akwai kujera a sabuwar motar ba. Kaina kamar ya tsage.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na rage wa na sokewa maki, na rubuta wa Dogo gyara, kusan rabin shafi: kada a soke sai kaza, a yi hattara da kaza. Ya karanta ya ce, "Anti, wannan bayani ne ko wasiyya?" Amma ya saka.

Yanzu Baƙo ya ƙi sokewa kwata-kwata. Na ce masa ƙarara a soke, na fasa. Ya ce kin tabbata? Na ce e. Ya ce ko a matsa miki zuwa jibi? Dogo ya yi dariya har da riƙe tebur. Wai na tsorata yaron mutane.

Gajeren bayani ya yi ɓarna, dogon bayani ma ya yi ɓarna. Wataƙila dai aikin nan ba nawa ba ne.

Juma'a, 10 ga Mayu

Mun rage shi zuwa layi uku, ni da Dogo. Ya fi. Amma da na gwada da irin maganar tsofaffi, masu kewaye-kewaye kafin su faɗi buƙata, Baƙo ya sake soke tikitin wata da rana kawai take son canzawa.

Manaja ya ajiye takardar amincewa da bayanan a gabana. Na sa hannu a kan sauran, na bar na sokewa. Ya ce saura ɗaya. Na ce wannan bai kai ba, ranka ya daɗe. Ya ce kin san abin da kike yi? Na ce a wannan dai na sani.

An saki Baƙo ba tare da sokewa ba. Masu son sokewa sai su kira taga.

Litinin, 13 ga Mayu

Manaja ya amsa gaisuwata a taƙaice. 'Yan taga suna ta mita, waya ta yi musu yawa. Tun Juma'a na shirya kalmomin ba Manaja haƙuri, sai da na dawo gida na tuna ban faɗe su ba. Mantuwa ce, ina ji.

Gobe:
– sake gwada sokewa da maganar tsofaffi
– bayanin kayan da aka manta a mota, ban taɓa shi ba
– takalmin makarantar autana
– gaya wa Dogo bayanin canza rana ma bai kai ba. Da safe, kafin ya sha shayi ya fara wasa.