Sandar Awon Babana

Litinin, 3 ga Maris
'Yan jami'a sun buɗe tsohuwar rumfar jiragen ruwa. Wai su da mutanen gari za su ƙera kwale-kwale irin na da. Shugabarsu, Ingunn, ta zo aron sandar awon babana. Ban da ni, babu mai iya karanta tsagogin jikinta a duk gaɓar tekun nan. Na ba ta sanda, ban ba ta bayani ba. Ta je ta nemo a kwamfuta mana.

Alhamis, 6 ga Maris
Ɗana Eivind ya bugo waya daga birnin Stavanger. Minti uku. Ɗan da na haifa bai taɓa tambayata komai kan sandar nan ba.

Asabar, 15 ga Maris
Rumfa ta cika, har da mutanen da rabona da su tun jana'izar Solveig, matata. Kofi, waina, surutu. Na zauna a gefe. Maƙwabciyata Aslaug ta ce, "Tormod, ka zo taimako ne ko gadin bango?"

Laraba, 2 ga Afrilu
Ingunn ta auna tsagogin da na'ura, ta yanka katako daidai da lissafi. Bai zauna ba. Yo ina zai zauna? Kowace tsaga sai an ƙara mata faɗin babban yatsan maƙeri. Ina kallo ta yanka, na yi gum. Itacen da mutum tara suka jawo daga dutse cikin ƙanƙara ya tashi a banza.
Ta ce, "Ka sani, ko?" Ba ta ɗaga murya ba. Gara ma ta zage ni.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Kunya ta hana ni zuwa. Gidan shiru kamar an yi shara. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji: in na faɗa, me ya rage da za a neme ni dominsa?

Talata, 22 ga Afrilu
Na je, don dai in duba ko sun lalata rumfar. Na kama hannun Ingunn na ɗora kan sandar. Yatsanta bai kai nawa faɗi ba, awon ba zai fito ba. Ta ce, "To, ƙaƙa ke nan?" Na ce, "Kowane maƙeri da tasa sandar."
Na saro reshe, ina fere mata tata sandar. Ba wani abu ba ne. Gobe ƙarfe takwas, in ji ta, kuma kada in makara.