Katakon Marigayi Hamidou da Aka Mayar Kantar Takalma

Mashud Gafaru,
Morris Heights, Bronx,
New York.
Litinin, 22 ga Fabrairu, 2016.

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Mukhtari Abdou,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Zauren Zumuntar 'Yan Afirka ta Yamma,
Harlem, New York.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE KATAKON ZAMIYAR ƘANƘARA NA MARIGAYI HAMIDOU AMADOU DA SHIRIN YANKE SHI

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamiti, ya dace in fara da nawa laifin kafin in zo kan na wasu. Juma'a biyu a jere, 5 da 12 ga wannan wata, na tuɓe takalmana a ƙofar ɗakin sallah na Zaure na ɗora su a kan sabuwar kantar da aka kafa, har na sa wa mai dabarar albarka. Sai a Juma'a ta uku, da na sunkuya ɗaure igiya, na ga wutsiyarta mai baki biyu. Katakon abokina ne. Ni ke nan, mutumin da aka bar wa amanarsa.

Ni direban tasi ne, ɗan zangon Kumasi, kuma wasiyyin marigayi Hamidou Amadou, mutumin Tahoua, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 18 ga Nuwamba, 2015. Cikin abin da ya bari akwai katakai biyu na zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda yaranmu ke kira sinobod. A gadon asibiti ya ce in miƙa mai faɗin ga 'yarsa Salamatou hannu da hannu. 'Yan uwansa na gida sun amince ba gardama, don babu abin da za su yi da shi a Tahoua.

Don kwamiti ya san abin da ke riƙe da takalmansa, ga asalinsa. A 1986 marigayi yana wanke kwanuka a wani otal da ke gindin dutse a Vermont. A lokacin wannan wasa bai da mutunci. Da yawa daga masu wuraren zamiya a kan duwatsu ba sa barin mai katako ɗaya ya hau kujerar da ke kai mutane sama, wai zai ɓata ƙanƙara ya kuma ture manya masu zamiya da sanduna biyu. Sai samarin da ke wannan wasa su riƙa hawa da ƙafa ta bayan otal, shi kuma yana ba su ruwan zafi ta ƙofar kicin. Su suka koya masa. Yakan ce a cikinsu ne kaɗai ba a tambaye shi daga ina ya fito ba, domin duka korarru ne. Ɗaya daga cikinsu, mai sassaƙa a garejin mahaifinsa, shi ya yi masa mai faɗin nan da hannu, gab da tahowar marigayi New York a 1987.

Katakan biyu ba aikinsu ɗaya ba. Mai faɗin, mai dogon hanci a ɗage da wutsiya a tsage irin ta kifi, na sabuwar dusar ƙanƙara ce mai laushi kamar gari, wadda suke kira hoda. Wutsiya ta nutse, hanci ya taso, mutum ya tafi kamar kwalekwale. Siririn kuwa, wanda ya saya daga baya, mai tauri ne da bakin ƙarfe mai kaifi, na ƙanƙarar da aka danne ta yi ƙarfi. A kansa mutum ke kishingiɗa har hannunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya bar layi ɗaya tak a bayansa kamar an ja reza. Marigayi yakan ce sama ce ke zaɓa wa mutum katako, son ransa ba ya cikin lissafi. Shekaru na yi ina gyaɗa kai ga wannan karatu ba tare da na saurara ba, yanzu ga shi na iya shi kamar Fatiha. Sau ɗaya na bi shi dutse, na kuma sauko a kan abin da Allah ya ba ni na zama.

Ga ƙorafina:

1. Da Zaure ya shirya nunin kayan tarihi mai taken "Mu da Sanyi", daga 9 zuwa 30 ga Janairu, aka roƙe ni aron katakan biyu. Na bayar, na haɗa da tsohon dutsen gugar da marigayi ke narka kaki da shi yana shafe ƙasansu. Ganin dutsen guga kusa da katako, masu shirya nunin suka yanke hukunci, suka rubuta a ƙasa: "Katakon guga na mutanenmu na farko." Babu sunansa. Na yi magana ranar buɗewa, aka ce za a gyara. Har aka rufe nunin, Hamidou mai wanki da guga ne.

2. Ranar 31 ga Janairu aka kawo mini siririn kaɗai. Da na tambayi ɗayan, ɗan aiken ya ce yana nan tafe, ai katako katako ne. Na yarda, saboda yarda ta fi hawa jirgin ƙasa zuwa Harlem sauƙi.

3. Ashe an miƙa mai faɗin ga Malam Kudus, mai kula da ginin Zaure, shi kuma ya ɗora shi a kan ƙarafa biyu a ƙofar ɗakin sallah. Ban ga laifin Malam Kudus ba. An ba shi katako mai lanƙwasa a baki wanda ke hana takalmi zamewa, kowa ma abin da zai yi ke nan. Amma takalman Fabrairu jiƙaƙƙu ne, ɗauke da gishirin titi. Tuni fentin ya fara kumbura, kuma daidai inda mutum ke kafa ƙafarsa ta hagu akwai farin tabo. Ba na raba ɗayan biyu cewa da nawa gishirin a ciki.

4. Malam Kudus ya shaida mini cewa kwamiti ya umarce shi ya yanke wutsiyar da zarto ranar Asabar, 27 ga wannan wata, saboda tana kama manyan riguna, har ta yaga ta wani dattijo. Ina jajanta wa dattijon. Sai dai wutsiyar nan ita ce katakon. In aka cire ta, abin da zan kai wa Salamatou kanta ce kawai. Na nemi in sauke shi da hannuna a Juma'ar da na gane shi, Sakataren Zaure ya ce kayan da aka riga aka kafa a bango sun zama na Zaure, sai da takarda da hujjar cewa na marigayi ne.

5. Wannan na ƙarshe ban san ko kwamiti na da hurumi a kansa ba, amma ba ni da wani ofishin da zan kai shi. Ni ba mai tatsuniyar fatalwa ba ne, na kuma san mamaci yana inda Allah ya ajiye shi. Duk da haka, tun Juma'ar nan, in maƙwabciya ta kunna dutsen guga ƙamshin kaki nake ji. Jiya a jirgin ƙasa mai lamba huɗu wani dogo ya shigo da jakar katako a kafaɗa, na bi shi tarago biyu don in ga fuskarsa. Ɗan Koriya ne, ya kuma tsorata. A mafarki Hamidou ba ya faɗa, ba ya ma duban fuskata. Ƙafafuna yake kallo. Da zai zage ni da Zabarmancin da ya tanada don direbobi, da na fi samun sauƙi.

Salamatou tana aikin jinya a Ohio, za ta zo ranar Lahadi, 6 ga Maris, don rabon gado. Duk kayan mahaifinta wannan kaɗai ta tambaya a waya. Na yi mata Hausa na ce yana nan lafiya, ta amsa da Turanci cewa ta gode, Baba. Ban taɓa jin nauyin wannan suna kamar ranar ba.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, da ya dakatar da zarton Malam Kudus kafin Asabar, ya ba da izinin a sauke katakon a damƙa mini yadda yake, da tabonsa. Zan kawo wani katakon daga shagon kayan gini in kafa da kaina, mai santsin baki wanda ba ya cin riga. Idan kuma akwai wani nunin a gaba, a rubuta sunan mutumin.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da amanar da aka bar mana.

Naka mai biyayya,

Mashud Gafaru
Wasiyyin marigayi Hamidou Amadou

Ƙarin bayani: game da hujjar da Sakatare ya nema, a kifa katakon a duba ƙasansa. Ba za a ga ƙwarzane ko ɗaya ba. Marigayi sufa ne, wato mai kula da wani gini a unguwar Tremont, duk ranar da hoda ta sauka yana bakin titi da shebur da buhun gishiri, kafin ranar hutunsa ta zagayo an tattake ta. Siririn ya ci duniyarsa. Mai faɗin bai taɓa hawansa ba.