Kunnen Malam Ja'afaru

Haɗeja, Lahadi

Zuwa ga 'yata Bushira,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Usaini da yara. Bayan haka, na ga kiranki a waya, ban ɗauka ba ne don tsoron kada ki yi magana in kasa ji.

Bushira, ina jin kunnena ya tafi. Tun tsakiyar damina muryar rediyona take dushewa. Yanzu sai na manna kunne a jikin katakon nake tsintar kalma ɗaya ko biyu. An sanar da rasuwar Tukur na Baturiya, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ban sani ba sai bayan sadakar bakwai. Kiran salla ina ji, amma lasifikar masallacinmu ko kurma tana tashinsa. Maƙwabta kuwa da ma ihu suke yi wa tsoho. Tun da mahaifiyarki ta rasu, akwatin nan kaɗai ke yi mini magana a hankali.

Ki gai da kowa.
Mahaifinki, Ja'afaru

Miga, Talata

Baba,

Barka da war haka. Na karanta, na yi kuka, sannan na ji haushi. Wata nawa kana ɓoye mini? Idan ruwa ya shigo unguwa kamar bara, aka yi shela, wa zai gaya maka? Na kwashe buhunan shinkafa daga ɗakin waje, na share. Usaini zai zo ranar Juma'a ya taho da kai. Don Allah Baba ban da gardama.

'Yarka, Bushira

Haɗeja, Asabar

Zuwa ga 'yata Bushira,

Bayan gaisuwa, kin ga mijinki ya koma shi kaɗai. Kada ki yi masa faɗa.

Ya same ni na ɗaure kaya, na yi sallama da bishiyar mahaifiyarki ta lemo. Rediyon kawai ya rage. Na ce ya kunna mini in yi ban kwana. Ya murɗa har ƙarshe, ya sunkuya, ya ɗago ya ce, "Baba, ai ni ma ba na jin komai."

Ban san lokacin da na zauna a kan ƙullin kayan ba.

Muka sa rediyon a keke sai shagon Bala mai gyara. Da ya kwance bayan, sai ga gidan zanzaro, laka guda, daram a kan sifikar. Takardarta kuma danshi ya cinye ta. Bala ya ce irinta ta ƙare a duniya tun kafin a haife shi, sai dai ya sa sifikar mota. Na ce ko ta jirgi ce ya sa, amma kada ya taɓa ƙyallen gaban, ɗinkin mahaifiyarki ne.

Muryar ta sake, ta yi kauri kamar mai mura. Amma daga bakin rijiya na ji labarai tsaf. Na kwance kayana.

Mahaifinki, Ja'afaru

Miga, Litinin

Baba,

Alhamdu lillahi. Shinkafa ta koma ɗakinta, amma na bar tabarma. Yanzu za ka ɗauki waya?

Bushira

Haɗeja, Laraba

'Yata,

Ki kira bayan la'asar. Ki yi magana a hankali, yadda mahaifiyarki take yi. Zan ji.

Allah ya yi miki albarka.
Ja'afaru