Sabo Ya Yanka Keken Baba

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Gwarzo, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya, sai tsadar rayuwa.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Tun da aka sallami ƙaninmu Sabo daga aiki, ba ya komai sai haɗa kekunan nan nasa masu ban dariya. To, wannan karon keken marigayi Baba ya ɗauko. Ya kai wa mai walda aka yanka shi, aka ƙara masa tsawo da bututun ruwa, sirdin ya koma kusan ƙasa, kan keken kamar ƙahon bijimi. Tsatsar ma ya hana a kankare, wai ita ce adon.

Yaya Haruna ya gan shi a kai a hanyar Kabo. Ya dawo yana huci, ya rantse sai ya kai shi gaban alƙali, tunda ba a raba gado ba. 'Yan ciki ɗaya a kotu saboda keke! Inna ko abincin kirki ta daina ci.

Don Allah ka yi wa Yaya Haruna magana, kai kaɗai yake saurara. Ni dai na yafe rabona.

Ƙararrawar keken ce kawai Sabo bai taɓa ba. Jiya da ya kaɗa ta a ƙofar gida, Inna ta miƙe za ta ɗebo wa Baba ruwa kafin ta tuna.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza