Kawu Ya Ce Ran Asabar Zan Cinna Wa Filina Wuta

Anti Roswita, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, kaina ya ɗaure.

Ƙauyenmu yana yamma da garin Kimbe na bakin teku. Kawu Kasimir, mai rabon ƙasar danginmu, ya yanka mini fili a gangaren dutse in shuka gwaza. Shekara shida ina jiran wannan rabo. Kin san al'adarmu, wadda aka ba fili ita ke fara cinna masa wuta da hannunta a gaban dangi. In ta ƙi, sai a ba wata.

To Anti, dajin da ke bayan filin babu shi. Masu yankan katako sun kwashe manyan itatuwan bara, suka bar rassa jibge, sun bushe ƙayau. A da, wutar gona tana kai bakin daji take mutuwa saboda laima. Yanzu me zai tare ta? Wata huɗu ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Wutar da mutanen ƙetaren rafi suka sa mako uku ke nan tana ci. Rana ja take fitowa kamar garwashi, toka har cikin tankin ruwan shanmu.

'Yata Apolonia shekararta biyar, tana da asma. Sau biyu ina gudu da ita asibiti saboda hayaƙin nan, leɓunanta sun yi baƙi. Da na faɗa wa Kawu, sai ya tofar da buwai, goron ƙasarmu, da yake taunawa, wai tun yaushe jikar manoman gwaza ta fara tsoron hayaƙi, ko a kan siminti zan yi shukar? Matan dangi suka kwashe da dariya. Haba! Ni dai tsoro nake ji, filin kuma ina so.

Mai fili a gangare

*

'Yar'uwa, kawunki ba mugu ba ne. Dokar da ya gada yake tsarewa, ya manta ne an yi ta lokacin da akwai dajin da ke kashe wuta. Kuskurenki shi ne yi masa magana a gaban mata.

Gobe ki kai Apolonia wurin 'yan'uwa a bakin teku, ko ke kin sa wuta ko ba ki sa ba. Sannan ki same shi shi kaɗai, da buwai a hannu da katin asibiti. Ki roƙe shi ya kafa miki alama a iyakar filin, a jira ruwa ya sauka.

In ya ƙi, ki haƙura da filin. Na san da ciwo, amma wutar da aka sa a gindin busassun rassan nan ba mai iya ce mata ta tsaya, kuma ƙauyenku ne a ƙasanta.

Allah ya kawo ruwa, ya ba yarinya lafiya.