Kaset ɗin da Na Ɗauko wa Yaya Wendell

Litinin, 11 ga Yuli, 1994

Zan tafi! Mawaƙan Tin Heron za su yi wasa uku a ƙarshen makon nan, a wani filin baje kolin manoma can jihar Maine, kuma an ba ni hutu a gidan burodi ba tare da na yi ƙaryar ciwon haƙori ba.

Sai dai ba rawa zan je ba. Yau da na kai Yaya Wendell wankin ƙoda, yana kwance da bututu a hannu, ya ce in ɗauki rikodarsa in tafi da ita in naɗo masa wasan. Na yi dariya har nas ta leƙo. Ni? Ni da ya raɗa wa suna Mazari tun ina 'yar sha bakwai, saboda da an taɓa jita nake fara juyi a bayan fili, ba na tsayawa sai mawaƙa sun sauka? 'Yan kaset fa, masu naɗar wasa, gumaka ne. Su kafa sandunan makirufo a tsakiyar fili, su harɗe hannu, ko tari mutum ya yi kusa da su sai su harare shi kamar ya zagi iyayensu.

Ya ce jikinsa na ba shi wannan karon za su buga waƙar "Gadar Katako". Tun yana saurayi yake bin mutanen nan gari-gari, kowace waƙa tasu ya ji ta da fuska iri-iri, amma wannan ɗayar ba ta taɓa faɗowa a ranar da yake wurin ba. Sau ɗaya suka buga ta a 'yan shekarun nan, ranar da motarsa ta mutu a hanya. Yanzu kuwa inji ya ɗaure shi sau uku a mako.

Na ce to. Me zan ce?

Talata, 12 ga Yuli

Makaranta a kicin ɗin Yaya. Ga inda batir ke shiga, ga wayar hagu, ga ta dama, kar allurar ma'aunin sauti ta shiga ja. Ba magana, ba tafi, ba bin waƙa. Na ce to numfashi fa? Ya ce a hankali.

Babban karatun shi ne juya kaset. Fuska ɗaya minti arba'in da biyar ce, su kuwa mutanen nan ba su san agogo ba, waƙar minti biyar sai su ja ta rabin awa in ta yi musu daɗi. Don haka tsakanin waƙoƙi ake juyawa, tun da sauran zare, ba a jiran ya ƙare. Ya sa na yi ta cirewa ina mayarwa har shayina ya huce.

Hannunsa ya rame sosai. Da ya miƙo min sandar makirufo sai da ya haɗa da ɗaya hannun. Na yi kamar ina duba batir.

Alhamis, 14 ga Yuli

Ƙawata Dede ta iso da akwalar bas ɗinta, ta cika bayan da burodi da cuku na sayarwa. Mun kama hanya muna ihun waƙa, gara in fitar da shi tun yanzu.

Juma'a, 15 ga Yuli

Kai, na yi kewar mutanena! Tun hantsi filin ajiye motoci ya zama kasuwa. Masu rinannun riguna, masu sarƙar duwatsu, karnuka da ƙyalle a wuya, wani ya shimfiɗa bargo yana musayar kaset, ba sayarwa, kawo naka ka ɗauki nawa. Dede ta kunna risho tana soya burodi da cuku, layi har bayan bas. Wata yarinya tana yawo da yatsa ɗaya a sama tana neman mai ba ta tikiti kyauta, sai ga wani mai furfura ya saka mata a hannu ya wuce bai ko waiwayo ba. Ta durƙushe a ƙasa tana kuka da dariya. Har yau abin nan yana sa ni hawaye.

Cikin fili kuwa na sha kunya. Wurin da Yaya ya saba kafa sandarsa kusa da wani dattijo ne, Orrin, mai gemu har ƙirji da fuska ba annuri. Ya dubi rikodar, ya dube ni, ya ce wannan ta Wendell ce. Na ce ni ƙanwarsa ce. Ya ce ya san ni, ni ce mai juyi kamar fanka a baya. Ya tambayi jikin Yaya a taƙaice, ya koma kan wayoyinsa.

Mawaƙan suka fito da la'asar, rana na dukan dandamali. Hollis mai jita ya ɗan taɓa, mai ganga ya amsa, shi ke nan ƙafata ta fara aikinta ban sani ba. Ashe tana bugun gindin sandar. Orrin ya sunkuyo ya raɗa min cewa, "'Yar nan, ko ki ɗaure ƙafar nan ko in ɗaure miki ita." Na cije leɓe. Wallahi azaba ce, a ce ana irin wannan kiɗa mutum yana tsaye yana kallon allura.

Amma na juya kaset a kan lokaci, sau biyu. Ba "Gadar Katako".

Asabar, 16 ga Yuli

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya motsa. Na hango 'yan rawa can baya suna birgima a caɓi, Dede a cikinsu, raina ya biya ƙwarai. Ni kuwa ina riƙe da lema a kan makirufo, ni kaina ina jiƙewa. Orrin ya ga haka ya jefo min ledar shara in saka. Daga wurinsa wannan gaisuwa ce mai tsawo.

Wani abu na lura da shi yau. A tsakiyar doguwar waƙar nan ta bayan hutun tsakiyar wasa, mai piyano ya jefa wani ɗan karin sauti kamar da wasa, Hollis ya juyo ya dube shi, ya ɗauka ya mayar masa a karkace, sai mai ganga ya rage hannu ya ba su wuri. Hira suke yi ashe. Shekara nawa ina zuwa, ban taɓa kama su suna yi ba, ina can ido rufe ina juyi.

Na kira Yaya daga wayar bakin ƙofa. Sai da na faɗa masa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, da wadda ta shige cikin wadda. Yana ta cewa "a'a!" yana dariya har tari ya kama shi. Na gaya masa ana ta raɗe-raɗi a fili wai wani ya ji suna gwada "Gadar Katako" da safe. Sai ya ce in sa sabon batir.

Lahadi, 17 ga Yuli

SUN BUGA TA.

Bari in rubuta a jere.

Bayan hutu suka yi waƙa biyu masu zafi, ba tsayawa tsakaninsu. Na duba kaset, na ce da sun ja numfashi zan juya. Ba su ja ba. Ta biyun tana mutuwa Hollis ya zarce da wasu sautuka guda huɗu, a hankali, sai na ji fili gaba ɗaya ya ja iska. Wani ƙato a gabana ya dafe kai da hannu biyu. Orrin, Orrin fa, ya cire hula.

Ban yi rawa ba. Ina so in rubuta wannan don gaskiya ce. Ko yatsa ban motsa ba. Sun rera baitocin, sannan suka sake ta suka tafi da ita wani wuri da ban san sunansa ba, tana raguwa, tana raguwa, har ya rage jita kaɗai da ɗan taɓin farantin ƙarfe na mai ganga. Dubban mutane, amma ana jin kukan tsuntsayen teku a sama. Ina tsaye hawaye na bin wuyana, ina cewa a raina Yaya ga ta, ga ta nan. Daga can ƙasa suka fara ɗago ta kaɗan-kaɗan har ta fashe, mutane suka yi sama.

Da aka fara tafi na sunkuya. Kaset a tsaye. Zare ya ƙare, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na mayar baya na sa a kunne. Akwai farkon, akwai baitoci, yana shiga wurin shirun nan sai ƙat. Abu ɗaya aka aike ni. Ɗaya.

Dede tana ta rarrashi, wai ai Yaya ya samu rabi. Na ce ta rabu da ni. Ban kira shi ba.

Litinin, 18 ga Yuli

Da sassafe na je motar Orrin, yana dafa kofi a murfin baya. Na shirya dogon jawabi, amma ina buɗe baki ya ce ya gani, tun jiya ya ji ƙarar maɓallin ya tashi, ya so ya taɓa ni amma da ya dubi fuskata ya fasa. Tasa na'urar sabuwa ce, mai ɗan ƙaramin kaset da ba a juyawa. Ya riga ya jona wayoyi yana jirana.

Muka zauna ya nemo daidai inda nawa ya yanke, ya ɗora nasa daga nan a fuska ta biyu. Ya yi ta maimaitawa har sai da ya gamsu. Na ce ban san da me zan saka masa ba, ya ɓata rai, ya ce kiɗan ba nasa ba ne balle a biya shi. Ya ce babu ɗan kaset da bai taɓa barin zare ya ƙare ba, wanda ya ce bai taɓa ba maƙaryaci ne ko kurma.

Da zan tafi ya ce in gaya wa Wendell wurinsa na nan. Sai ya ƙara da cewa ƙafata ta yi hankali.

Hanyar gida duk na ƙosa. Dede ta ce in sa mu ji, na hana. Yaya ne zai fara ji.

Talata, 19 ga Yuli

Ban ce masa komai ba, na saka kaset na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Da sautukan nan huɗu suka fito ya kama hannun kujera. Ya rufe ido har fuskar farko ta ƙare. Na juya. Ba a yi nisa ba ya buɗe ido ɗaya.

"Wannan makirufon Orrin ne," ya ce. "Mazari, rawa kika tafi?"

Na ce wallahi ina nan tsaye, ban motsa ba, kawai dai na manta akwai wani abu wai shi kaset a duniya.

Ya daɗe yana kallona. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "To kin ji ta ke nan." Ya sa na mayar baya, kuma wannan karon ya ce in riƙa gaya masa abin da ido ya gani: ina Hollis ya tsaya, rana ta kai ina, wa ya yi kuka. Na gaya masa har cire hular Orrin. Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙarya nake, mutumin nan da hularsa aka haife shi.

Sau uku muka ji. A na ukun barci ya ɗauke shi kafin ta fashe. Na bar ta ta kai ƙarshe.

Alhamis, 4 ga Agusta

Kwafi nake ta yi, mutane sun aiko da kaset fanko daga ko'ina, har Oregon. Yaya ke rubuta sunayen waƙoƙi a bango, in hannunsa ya gaji in karɓa.

Asabar, 10 ga Satumba

An fitar da ranakun wasannin kaka. Likita ya ce Yaya ba zai yi doguwar tafiya ba bana, bai kuma ce baɗi ba. Yaya bai tambaya ba.

Na aika neman tikiti ta gidan waya. Kullum biyu nake nema, nasa na wurin 'yan kaset, nawa na fili. Na daɗe a tsaye gaban akwatin kafin in saka. Ɗaya na nema, na wurin 'yan kaset.

Dede ta ce shi ke nan sun rasa ni, na zama gunki. Na ce ta daina shirme, wurin kawai nake riƙe masa kafin ya warke.

Sandar tana bayan motata tun Yuli. Ya kamata in mayar masa da ita, mantawa nake yi.